Gaisuwar Sallah daga Nashville

Assalamu alaikum Hajiya,

Barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Mun sauko daga Idi lafiya, jikokinki sun sha kwalliya da ɗinkin da kika aiko, sai dai wandon ƙaramin ya yi masa tsawo.

Yaya ya ce hankalinki ya tashi da kika ji a rediyo guguwa ta yi ta'adi a Amurka tsakiyar azumin nan. Ki kwantar da hankalinki, ba ta taɓa mu ba. Jihohin Missouri da Arkansas da Mississippi ta fi yi wa ɓarna.

Na san za ki ce, hadari kuma da sanyi? A gida in hunturu ya shigo ba mai duban gabas, sai hazo da tsagewar ƙafa. Kudancin Amurka ba haka yake ba. Iska mai ɗumi da laima takan taso daga Tekun Meksiko ta yi karo da mai sanyi daga Kanada, sai tsawa da ƙanƙara, wani lokaci guguwa ta sauko. Shi ya sa ranar da gari ya yi ɗumi a Disamba, har mutum ya tuɓe rigar sanyi, ranar ce 'yan gari ke zaman ɗar-ɗar. A daren 10 ga Disamba 2021 guguwa ɗaya ta yi tafiyar sama da kilomita 260, ta ratsa garin Mayfield na Kentucky, masana'antar kyandir ta rufta kan masu aikin dare. Nan Nashville ma ta watan Maris 2020 cikin dare ta zo, mutane na barci.

Saboda haka ba ma kashe waya da dare. Da ta yi kukan gargaɗi, ko jiniyar unguwa ta tashi, sai mu kwashi yara zuwa banɗakin ƙasa, don ba shi da taga. Kowa da takalminsa saboda ƙusa da fasasshen gilashi, yara kuma da hular kwanon kekensu. Auta har barci take yi a cikin bahon wanka, mu kuwa sai salati. Gidajen nan duk kyansu yawanci katako ne, Hajiya, kada hoto ya ruɗe ki.

Afrilu da Mayu na tafe, kuma su ne ganiyar abin, a ci gaba da sa mu a addu'a. Na turo goron Sallah ta hannun Yaya, a ba Gwaggo nata. A gaida Baba da kowa da kowa. Maman yara na gaishe ki, tana tuni da yajin nan.

Wassalam,
Ɗanki