Ɗora Babbar Manhaja Ta Kebul: A Fara Duba Rauta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin masu kula da cibiyoyin jarrabawar CBT da ɗakunan kwamfuta na makarantu. Har yanzu da filash wasu ke bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, alhali tsarin PXE, wato tayar da kwamfuta ta hanyar sadarwa, zai ɗora musu Windows ko Linux daga saba guda (kwamfutar da ke raba wa saura fayiloli) ta kebul. Waɗanda suka gwada abin ya ƙi kuwa, saba suke ɗora wa laifi, bayan galibi a rauta (na'urar da ke haɗa rukunonin sadarwa daban-daban) gizo ke saƙa.

Kwamfuta idan ta tashi ba ta da adireshi, sai ta yi shelar neman DHCP, tsarin da ke raba adireshi, ta tashar UDP 67. Wannan shela ba ta ƙetare rauta. In saba tana wani VLAN (rukunin sadarwa) daban, ba mai amsawa, sai allo ya nuna saƙon kuskure PXE-E51. Maganin shi ne rauta ta riƙa kai saƙon. A na'urorin Cisco umarnin shi ne ip helper-address, a ɓangaren da ke fuskantar kwamfutocin. In DHCP da sabar PXE ba inji ɗaya ba ne, a rubuta layi biyu, kowanne da adireshinsa.

Sai ƙofar fita (adireshin rautar da kwamfuta ke bi ta fita daga rukuninta), wato zaɓi na 3 a saitin DHCP. In an yi kuskure a nan, kwamfuta za ta samu adireshi lafiya lau, amma ba za ta iya kaiwa ga saba ba, ta yi ta jira har PXE-E32 ya fito. Katangar tsaro (firewall) ma tana jawo haka, domin TFTP, tsarin da PXE ke jawo fayil da shi, ta tasha 69 yake fara magana kawai, fayil ɗin ta wata tashar yake biyowa. Buɗe 69 kaɗai bai wadatar ba.

Zaɓi na 66 adireshin saba ne, na 67 sunan fayil ɗin tayar da kwamfuta. Kada a ba kowa fayil ɗaya: pxelinux.0 na tsohon BIOS ne, ba zai tashi a UEFI, sabon tsarin da ya maye gurbin BIOS, ba. A raba su da zaɓi na 93, wanda ke nuna irin tsarin kwamfutar.

Akwai abin da ake yawan mantawa. Suwic (na'urar da kebul ɗin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinta) mai STP na asali, tsarin hana saƙo kewayawa ba iyaka, yakan riƙe tasha kimanin daƙiƙa 30 kafin ya sake ta, kwamfuta kuma ta gaji da jira. A kunna PortFast, saitin da ke cire wannan jira, a tashoshin kwamfutoci. Sannan a kashe DHCP na 'yar rautar Wi-Fi da wani ya jona a ofis, don ita ma amsawa take, da ƙofar da ba daidai ba.

Babban fayil kuwa a bar wa iPXE, ingantaccen nau'in PXE, ya jawo ta HTTP, TFTP na da nawa ƙwarai. A fara gwaji da kwamfuta ɗaya a kowane VLAN kafin a tashi ɗaki guda.

Wassalam,
Mai aikin haɗa kwamfutoci, Kano