Jan hankali kan mariƙin kyamara ga masu dirowa daga jirgi da laima

Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in ja hankalin matasanmu masu ɗaukar hoto a Kano, musamman masu sha'awar zuwa Dubai su diro daga jirgi da laima, kyamarar GoPro liƙe a hular kwano.

Mariƙin roba da ake samu a kasuwannin waya irin Farm Centre ya dace da babur ko keke, amma ba a yi shi don sama ba. Tsakaninsa da hula akwai rata, ga dogon noti ya turo kai ta gefe. Mai dirowa yana faɗowa da gudun kusan kilomita 200 a awa, kuma idan laima za ta buɗe, igiyoyinta ta gefen kansa suke wucewa. Guda ɗaya ta maƙale a notin nan, shi ke nan: ko ya saki babbar laimar tana nan rataye a kansa, laima ta biyu, ta ko-ta-kwana, kuma na iya sarƙewa da ita.

Don haka abin dubawa na farko shi ne santsi. A samu mariƙi mai kwanciya luf da hula, gefunansa a gangare, ba ƙugiya ba rata. Gwajin ba wuya: a ɗauko guntun igiyar laima a ja ta kan hular daga gaba, daga baya, daga kowane gefe. Duk inda ta tsaya, a gyara ko a canza mariƙin.

Sai saki. Farantin da muke ɗora kyamara a kan ƙafa uku sai an danna nan an murɗa can, kuma yakan cije idan nauyi ya ja shi. Na mai dirowa daga jirgi dole ya saki da hannu ɗaya, ja ɗaya, da safar hannu, ido bai gani ba. Hulunan masu ɗaukar hoto, irin na kamfanonin Cookie da Tonfly, akan sa musu hannun ja a maɗaurin haɓa, ana fizga hular gaba ɗaya ta tafi. A gwada a ƙasa, wani yana jan hular sama da ƙarfi, domin abin da ya saki cikin sauƙi a kan tebur ba lallai ya saki ba idan nauyi na jan sa. Wasu kuma suna ɗaure mariƙi da notin roba don ya karye da kansa. Igiyar tsaro da ake ɗaura wa kyamara kada ta ɓata, ni a ganina a cire ta, tarko ce kawai. Kyamara dai kuɗi ne kawai, ba rai ba.

In da gam za a liƙa, a goge wurin tas, a danna sosai, a bar shi awa 24, kuma kada a bar hular cikin mota a zafin bazara.

Ƙungiyar masu dirowa ta Amurka, USPA, tana ba da shawarar sai mutum ya yi dirowa 200 kafin ya ɗauki kyamara, saboda hankali kan koma kan hoto a manta da duba nisan da ya rage zuwa ƙasa. Wanda zai diro karon farko ɗaure da malami, ya bar tasa a ƙasa, ya biya mai ɗaukar hoton wurin.

Daga wani mai ɗaukar hoto, Fagge, Kano.