Wasiƙa zuwa Jidda: shinkafar Senegal a tukunyar Sakkwato

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Na san shirun ya yi yawa, amma ke ma tun bayan Sallah ƙarama ba ki neme ni ba, don haka laifin mu raba shi biyu.

Albishirinki! Ranar Juma'ar da ta wuce na dafa shinkafa da kifi irin ta mutanen Senegal, wadda suke kira cebujen, kuma Inna, wadda kin san ba ta yarda da komai bayan tuwo da miyar kuka, da bakinta ta nemi ƙari. Wallahi har yanzu daɗin abin bai bar zuciyata ba.

Asalin girkin daga birnin San Luwi ne, a bakin teku, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Abin da ya fi burge ni shi ne da tsakin shinkafa ake yin sa, wannan da muke rainawa, domin tun zamanin mulkin Faransa aka riƙa kawo musu karyayyar shinkafa daga Indocina, a kudu maso gabashin Asiya, har suka saba da ita. Na sayi tsakin da araha a Tsohuwar Kasuwa, na haɗa da giwan ruwa, tunda mu ba mu da kifin teku.

Na daka tafarnuwa da attarugu da lawashi a turmi, lawashin ya maye gurbin ganyen da su suke sawa, sannan na tsaga naman kifin da wuƙa na cusa haɗin a ciki kafin in soya. A cikin wannan man na soya albasa da tumatir har ya yi duhu, na tsaida ruwa, na mayar da kifin, na jefa rogo da karas da kabeji da gauta da ɗan guntun banda. Da suka nuna sai na kwashe su tare da kifin, na jiƙa su da ruwan tsamiya, na zuba tsakin da na riga na turara a cikin romon, na rage wuta. Ƙanzon da ya kama a gindin tukunya kuwa, a can abin marmari ne, a gefen faranti ake ɗora shi, kuma a gidan nan shi yara suka fara wawashewa.

Na gwada kosharin Masar ma, wato haɗin shinkafa da taliya da adas, wani ɗan ƙaramin dangin wake, amma da na rasa adas sai na sa wake, shi kuwa ba ya nuna tare da shinkafa, sai taliyar ta caɓe ina jiransa. Kuskus na Maroko bai ba ni wahala ba, domin duk wadda ta iya dambu a madambaci ta riga ta iya rabin aikin.

Yanzu kabsa, shinkafa da naman nan ta mutanen Saudiyya, nake son koya, kuma ke ce a bakin tukunyarta. Don Allah idan Yaya zai dawo daga Umra, ki ba shi baƙin busasshen lemun tsamin nan da Larabawa ke kira lumi, ki kuma rubuto mini ko huda shi ake yi kafin a jefa a romo. Inna tana gaishe ki ƙwarai.

Taki har kullum,
Aminiyarki ta Sakkwato