A daina cire wa motoci tamostat, a fara auna sensar zafin ruwa tukuna

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ya ci min tuwo a ƙwarya wata biyu cur, na kuma san ba ni kaɗai ba ne. Ina da tsohuwar Corolla tokumbo, da ita nake kai yara makaranta in wuce kasuwa, kwatsam sai ta fara shan mai kamar ana tsiyayar da shi, tankin da yake kai ni kwana goma ya koma da ƙyar yake ganin sati, ga baƙin hayaƙi a salansa ga warin ɗanyen fetur, in ta yi zafi na kashe ta na shiga masallaci na fito sai na yi ta murza ki kafin ta tashi. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san lita ɗaya ba abin wasa ba ce.

Garejin farko suka ce filogi ne, na saya. Da aka kwance tsofaffin kuwa baƙi ƙirin, bakanike ya ce ka gani ko Alhaji, ni ma na yarda. Kwana huɗu sababbin ma suka yi baƙi. Na biyu ya wanke nozul, na uku ya ce famfon mai ne, har wani ya fara min maganar sauke inji. Ba wanda ya auna komai a cikinsu, kowa da kunne da hanci yake aiki.

Wani yaro rewaya ne ya gano ta, Allah ya yi masa albarka. Ya ce Baba ka bar ta ta kwana a nan ka dawo da sassafe kada kowa ya tayar da ita. Da safe ya jona sikana a ƙarƙashin sitiyari, ya murza ki bai tayar ba, ya nuna min lamba biyu a fuskar na'urar: zafin iskar da ke shiga inji 26, zafin ruwa kuma 4. Ya ce Baba motar da ta kwana a waje ɗaya ai dole biyun nan su zo kusan ɗaya, to ina ruwa ya samo sanyin firij a Kano cikin watan Afrilu? Ya zare soket ɗin sensar, wata 'yar aba ce da ba ta kai ɗan yatsa ba a jikin kan silinda mai waya biyu, sai ga bakinta ya yi kore shar da tsatsa.

Ga yadda ya fahimtar da ni. Biren bos, wato kwamfutar da ke auna wa inji mai, ba ta ganin inji, abin da sensa ta faɗa mata da shi take aiki. Tana tura mata wuta bolt 5, ita kuma sensar in ruwa da sanyi tana tare wutar sosai, in ya yi zafi sai ta sassauta. In ka sa mita a kanta ka auna taurin da take tare wutar da shi, a digiri 20 za ka ga wajen om 2,000 zuwa 3,000, a digiri 80 ta sauko wajen 300. To tsatsa a soket ƙara taurin take yi, sai biren bos ta ɗauka har yanzu inji bai ɗumama ba ta yi ta ambaliyar mai kamar an ja cok an manta. In waya ta tsinke gaba ɗaya sikana kan nuna 40 ƙasa da sifili, wutar cek ta kama, lamba P0118 ta fito, in wayoyin suka haɗe kuma P0117 ce. Tawa ba ta tsinke ba, ƙarya kawai take yi, shi ya sa ba wata lamba da ta fito. Ya saka sensar a kofin ruwan zafi muna kallon mita tana sauka sannu a hankali ba tsalle, ashe ita lafiyarta ƙalau, soket ne. Kuma ya ja min kunne cewa in ruwa ya yi ƙasa a lagireto ko iska ta shiga, lafiyayyar sensa ma sai ta ba da lambar banza, a fara duba ruwa, amma kar a kuskura a buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne da ya buɗe gidan tamostat, wato 'yar ƙofar da ke tare ruwa kada ya wuce lagireto har sai inji ya ɗumama, sai muka tarar wayam, an cire tun kafin motar ta zo hannuna, fanka ma an yi mata dairek tana juyawa daga murza ki. Wannan al'ada ta zama ruwan dare a garejojinmu, wai ƙasarmu da zafi tamostat na ƙasar Turawa ne masu ƙanƙara. Wallahi kuskure ne. Injin nan an ƙera shi ya yi aiki a wajen digiri 90, tamostat ɗin Corolla a 82 yake fara buɗewa, in ka cire shi inji yakan daɗe bai kai zafinsa ba musamman da hunturu ko a doguwar hanya, mai ya yi ta tafiya, ɗanyen fetur yana wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai. Sannan ruwan rijiya da fiya wata da muke ɗurawa a lagireto maimakon ruwan kulan, wato ruwan da aka haɗa musamman don sanyaya inji, su ne ke cinye cikin inji da tsatsa.

Na je Ƙofar Ruwa na sayo soket da tamostat, aka mayar da fanka kan rile ɗinta, aka zubar da jan ruwan nan aka zuba kulan. Duka kuɗin bai kai na filogi da wankin nozul da na yi asara ba. Yanzu allura tana hawa tsakiya ta tsaya, hayaƙi ya ɗauke, tanki ya koma kai ni kwana goma.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyar makanikai su riƙa shirya wa yaransu bita kan mita da sikana, 'yar ƙaramar da ake haɗawa da waya ma ta isa, tunda duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da wajen jona ta. Ku ma Malam Edita da za ku ware shafi ko sau ɗaya a wata ku riƙa gayyato masana gyaran mota suna amsa tambayoyinmu da Hausa, da mun ji daɗi ƙwarai.

Naku mai karatu a kullum,
daga Kurna, Kano.