Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Firaministan Birtaniya, Keir Starmer: Ka Janye Wannan Magana

Mai girma Firaminista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina rubuto maka ne daga Sparkhill a birnin Birmingham, kuma abu ɗaya ya sa na ɗauki alƙalami, wato kalaman da ka furta ranar 12 ga Mayun 2025, lokacin da kake gabatar da sabon tsarin shige da fice, inda ka ce ƙasar nan na dab da zama tsibirin baƙin da ba su san juna ba.

Ka san wanda ya riga ka faɗin irin wannan, kuma ka san inda ya faɗa. A nan Birmingham, cikin Afrilun 1968, Enoch Powell, ɗan majalisa na jam'iyyar Conservative, ya tsaya ya ce 'yan ƙasa sun zama baƙi a ƙasarsu. Washegari Edward Heath, shugaban jam'iyyar a lokacin, ya tsige shi daga cikin manyan jam'iyyarsa. Ɗan Conservative ke nan ya ga wannan magana ta wuce gona da iri. Yau ga shugaban Labour, wanda unguwanni irin tamu suka daɗe suna zubawa jam'iyyarsa ƙuri'a, yana maimaita makamanciyarta daga ofishi mafi girma a ƙasa. Ko ka nufa ko ba ka nufa ba, magana zarar bunu ce.

Mu da muke zaune a nan mun san ƙaryar da wannan magana ta yi wa ban ruwa. A Janairun 2015, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai ofishin mujallar Charlie Hebdo a Paris, wani mai sharhi, Steve Emerson, ya hau tashar Fox News ta Amurka ya ce Birmingham gaba ɗayanta ta zama ta Musulmi, wanda ba Musulmi ba ba ya shiga. Firaministan lokacin, David Cameron, ya fito fili ya kira shi wawa, tashar kuma ta nemi gafara. Amma ƙaryar ba ta mutu ba. A Fabrairun 2024 Paul Scully, tsohon minista, ya ambaci Sparkhill da sunanta da Tower Hamlets na Landan, ya ce akwai sassan da ba sa shiguwa. Shi ma ya ba da haƙuri. Kullum haka abin yake tafiya: a yi mana ƙazafi a gaban duniya, a ba da haƙuri a ɓoye, tabon kuma ya zauna a jikinmu.

Ƙidayar 2021 tana nan a hannun gwamnatinka. Musulmi kusan kashi 30 cikin ɗari ne na mutanen Birmingham, Kiristoci sun ɗan fi su yawa. Ka zo titin Stratford Road da yammar Asabar ka ga abin da ake kira wurin da ba a shiga. Motar bas cike da Turawa da 'yan Jamaika da 'yan Somaliya da 'yan Pakistan. Iyalai daga garuruwan kewaye suna layi a gidajen cin balti, wato wata irin miyar kori, na Ladypool Road. Cocin St John na nan a buɗe, wurin ninƙaya na unguwa cike da yara masu launi iri-iri. Tsohuwar Baturiyar da ke maƙwabtaka da mu, 'yar asalin Ireland, ita ke karɓar mana saƙo idan ba ma gida, mu kuma muke kai mata abincin Sallah mu duba ta idan sanyi ya tsananta. Ta san sunan 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kai ka ga inda irin wannan ƙarya take kai mutane, da idonka, wata guda ma bai cika ba da hawanka mulki. Ranar 29 ga Yulin 2024 aka kashe 'yan mata ƙanana uku a Southport, Allah Ya ba iyayensu haƙuri. Kafin rana ta faɗi an ƙirƙiri sunan Larabci an watsa a intanet, an ce makashin Musulmi ne da ya shigo ta kwalekwale. Ashe a Cardiff aka haife shi, iyayensa Kiristoci ne 'yan asalin Ruwanda. Washegari aka far wa masallacin Southport da jifa alhali akwai mutane a ciki. Ranar 4 ga Agusta aka yi yunƙurin cinna wa otal wuta a kusa da Rotherham, cike da masu neman mafaka. A makon nan matanmu ba su fita ba, shaguna sun rufe tun da rana, maza suna karɓa-karɓar gadin masallaci har asuba. A lokacin ka tsaya ka kira abin da sunansa, ka ce ta'asar masu tsattsauran ra'ayi ce, ka ce duk mai hannu zai yi nadama, ka ce ba za a bar Musulmi a hannun 'yan daba ba. Kotuna sun yi aiki, ba mu manta ba. To ina wannan mutumin ya shiga? Wata tara kacal, sai ga shi kana magana da harshen da ya yi wa masu jifan daɗi.

Kada a ce muna kare 'yan ta'adda. Ni ɗan Kano ne. A Nuwamban 2014 aka tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na birninmu, sama da mutum 100 suka rasu suna sahu. Babu mai koya mana ƙin masu kashe rai da sunan addini. Mun san Khalid Masood, wanda ya kai harin Westminster a 2017, ya zauna a Birmingham, kuma mun la'anci aikinsa. Sai dai a Kent aka haife shi, ba wanda kuma ya ce Kent ta zama matattarar ta'addanci. A 2013 wani ɗalibi daga Yukren ya daɓa wa dattijo Mohammed Saleem, mai shekara 82, wuƙa a unguwar Small Heath ta nan Birmingham yana dawowa daga sallar isha'i, sannan ya dasa bama-bamai a masallatan Walsall da Wolverhampton da Tipton. Ba a tuhumi 'yan Yukren baki ɗaya ba, kuma haka ya dace. Mu kuwa a 2010 aka kafa mana kyamarori sama da 200 a Sparkbrook da Washwood Heath da kuɗin yaƙi da ta'addanci, aka ce mana don ɓarayi ne, sai da asiri ya tonu aka cire. Shi kuma makashin Southport, sau uku aka kai rahotonsa ga Prevent, shirin gwamnati na hana tsattsauran ra'ayi, aka sallame shi.

Jam'iyyarka ta amince da ma'anar ƙyamar Musulmi tun 2019 kana cikin jagororinta. Da kuka hau mulki sai aka kafa wani sabon kwamiti a ƙarƙashin Dominic Grieve, tsohon babban lauyan gwamnati, don sake duba ma'anar, muna ta jira. Alƙaluman ma'aikatar cikin gida sun nuna cewa a shekarar da ta ƙare a Maris 2024, kashi 38 cikin ɗari na laifukan ƙiyayyar addini Musulmi aka yi wa. Ga batun masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, ciki har da 'yan Najeriya da dama, da sabon tsarinka ya rufe wa ƙofa. Ga shara da ta taru a titunanmu tun da yajin aikin masu kwashe shara ya tsananta a watan Maris, masu ɗaukar hoto kuma suna zuwa su ɗauka su ce haka Musulmi suke zama.

Don Allah, Mai girma, ka dubi girman kujerar da kake kai. Kana da ikon rage yawan masu shigowa idan haka gwamnatinka ta zaɓa, majalisa ta yi muhawara a kai da alƙaluma. Abin da muke nema ka fito a bainar jama'a, a kan mumbarin da ka yi maganar, ka janye ta. Sannan ka zo Sparkhill da ƙafarka, ba tare da an share titi an zaɓo maka waɗanda za ka gani ba, ka faɗa a gaban kyamara cewa babu unguwa ko ɗaya a Birtaniya da ta gagari shiga. Kwamitin Grieve kuma a sa masa rana, a cika ta.

Naka,
Wani mazaunin Sparkhill, Birmingham
Mayu 2025