Zuwa ga abokan cinikinmu: babur ɗin da aka yi wa ƙari amma ya daina ja

Ya ku abokan cinikinmu masu daraja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne kan wani koke da ya yawaita a garejinmu, har muka ga gara mu amsa shi a rubuce kowa ya karanta a natse. Za a kawo mana babur da aka kashe wa kuɗi: an sa masa babbar kafireta, an cire akwatin iska, an ɗaura salansa mai faɗin baki, wani ma har kamshaf aka canza masa. A miƙaƙƙen titi idan aka murɗe totur, sai dai a hangi ƙurarsa. Amma wajen tashi daga tsaye, ko hawan tudu da goyo, ko cikin cunkoso, sai ya riƙa shaƙewa, sai an yi ta lallaɓa kuloci kafin ya ɗauka. Mai shi yakan ce a ƙara masa wani abu. Mu kuma sau da yawa shawararmu ita ce a rage.

Abin da ke ɗaga ku daga tsaye shi ne ƙarfin juyi, wato murɗawar da inji ke yi wa kiranshaf, sandar da fistin ke juyawa, ana auna ta da Newton-mita (Nm). Ƙarfin doki kuwa, wanda masu sayar da kaya suka fi ambata, lissafi ne kawai: ƙarfin juyi sau yawan juyin inji a minti ɗaya. Saboda haka ana iya samun adadi mai burgewa a juyi 10,000, alhali a juyi 3,000 zuwa 5,000, inda yawancinku kuke wuni, injin ya fi na kamfani rauni. Galibin kayan da ake kira na tsere don can sama aka ƙera su.

Tushen maganar gudun iska ne. Kafireta ba ta da famfon da zai fesa mai. Iskar da ke ratsa maƙogwaronta da gudu ce ke zuƙo fetur daga jet, wato ɗan ramin da mai ke fitowa, ta watsa shi ya zama feshi. Ku tuna tiyon ruwa: idan aka matse bakinsa ruwan ya yi tsiri, idan aka saki sai ya riƙa zuba a gindinsa. Lokacin da inji ke juyi a hankali, iskar da fistin ke ja kaɗan ce. Idan aka ba ta ƙofa mai faɗi sai ta shiga a sanyaye, zuƙar ta yi rauni, man ya shiga ɗigo-ɗigo, ƙonewa ta lalace. Shaƙewar da kuke ji ke nan. A ganinmu, injin 150cc na hawan yau da kullum ya fi jin daɗin kafireta mai faɗin maƙogwaro milimita 24 zuwa 26 a kan mai 32. Haka ma ramukan kan silinda da ake kankarewa don su yi faɗi. Wannan ya fi ciwo, domin kafireta ana iya mayar da tsohuwa, amma ƙarfen da aka kankare ba ya dawowa cikin sauƙi.

Sai kamshaf, sandar da ke sarrafa buɗewa da rufewar bawul, wanda a nan ne aka fi yin asara ba a sani ba. Bawul ɗin shigar iska ba ya rufewa daidai lokacin da fistin ya kai ƙasa. Yakan ɗan jinkirta har fistin ya fara hawowa. Idan inji na juyi da sauri wannan jinkirin riba ne, don iskar ta riga ta ɗauko gudu, tana ci gaba da cusa kanta cikin silinda. Idan kuwa juyin a hankali ne, iskar ba ta da wannan ƙarfin, sai fistin ya koro wani kaso nata baya ta inda ta shigo. Kamshaf na tsere yana ƙara tsawon jinkirin. A takarda za a ce matsin injin 10 ne bisa 1, amma abin da ya kama ya matse a ƙaramin juyi bai kai haka ba, kuma abin da ba a kama ba ba zai ƙone ya tura fistin ba.

Magani uku ne. Ko a koma kan kamshaf mai sauƙi, wanda shi muka fi ba da shawara ga mai hawa cikin gari. Ko a gusar da na tseren gaba da digiri 2 zuwa 4 don bawul ya rufe da wuri, bayan an auna tazarar bawul da fistin don kada su haɗu. Ko kuma a ƙara matsi ya cike giɓin. Ƙarin matsi yana da daɗi ƙwarai, ana jin sa tun daga tashi, amma yana zuwa da sharaɗi: zafi zai ƙaru, kuma idan fetur ɗin da kuke samu ba ya jure matsi, za ku ji ƙwanƙwasa a cikin inji wajen hawan tudu. Wannan ƙarar tana iya huda kan fistin. Don Allah duk wanda ya ji ta kada ya ci gaba da murɗawa.

Manyan kamfanoni ma da wannan matsala suka yi ta fama. A 1987 Yamaha ta fito da EXUP, wata 'yar ƙofa a cikin bututun hayaƙi da ke ƙuntata hanya a ƙaramin juyi, ta buɗe idan juyi ya hau. A 1999 Honda ta sa wa CB400 Super Four tsarin Hyper VTEC, inda bawul biyu cikin huɗu na kowace silinda ke hutawa har sai juyi ya yi sama. Su da ke da ɗakunan gwaji sai da suka ƙirƙiro hanyar matse iska a ƙasa, don sun san ƙofa ɗaya ba ta iya gamsar da ƙasa da sama lokaci guda.

Game da salansa, akwai maganar da ke yawo cewa inji na buƙatar a ɗan toshe masa hayaƙi kafin ya ja. Ba mu yarda da ita ba. Toshewa ba ta ƙara ƙarfi. Abin da ke aiki shi ne faɗi da tsawon bututun da ya fito daga kan silinda. Siriri mai ɗan tsawo yana fitar da hayaƙi da gudu, gudun ya bar zuƙa a bayansa da ke taimaka wa sabon fetur da iska su shigo. Gajere mai faɗi yana kashe wannan zuƙa a ƙaramin juyi, sai ƙara kawai. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Duk canjin da aka yi wa shigar iska ko fitarta, dole a sake saitin mai. A cikin kafireta, jet ɗin sulo ke riƙe da inji daga tsaye zuwa kusan kwatan totur, allura ta karɓa har zuwa kashi uku cikin huɗu, babban jet sai a ƙarshe. Mutane da yawa babban jet kaɗai suke canzawa, alhali ciwon yana ga sulo da allura. Fetur na ƙonewa tsaf a kan iska kashi 14.7 da mai kashi 1 bisa nauyi, amma inji ya fi ba da ƙarfi a wajen 13 da 1. Cire akwatin iska yakan sa mai ya yi kaɗan, inji ya ɗauki zafi. Masu babur mai injekta ma ba su tsira ba, nasu saitin a kwamfutar babur yake.

Hanya mafi sauƙi ita ce sifoket, wato faifan haƙoran da sarƙa ke bi, kuma muna so ku san gaskiyarta: ba ta ƙara wa inji komai, tana ninka abin da ke isa taya ne. Haƙora 14 a gaba da 42 a baya suna ba da 3.00, a mayar da na baya 45 ya zama 3.21, ƙarin kusan kashi 7 cikin 100 a kowace giya. A madadin haka gudun ƙarshe zai ragu, inji zai fi kuka a doguwar tafiya, shan mai zai iya ƙaruwa. Ƙara girman silinda, misali daga 125cc zuwa 150cc, shi ne ƙari na haƙiƙa, in dai kuloci da sanyaya inji za su ɗauka. Filawil kuwa, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa da kiranshaf, a bar masa nauyinsa. Rage shi na sa inji saurin mutuwa wajen tashi.

Saboda haka daga yanzu ga yadda za mu riƙa karɓar irin wannan aiki. Kafin mu kwance ko da noti ɗaya, za mu tambaye ku inda kuke hawa da nauyin da kuke ɗauka. Sannan mu auna matsin silinda, mu duba tazarar bawul, fulogi, tayimin, kuloci da sarƙa, domin bawul da ya matse ko kuloci mai zamewa sun isa su cinye jan babur ba tare da laifin kayan ƙari ba. Bayan nan sai saitin mai, sai sifoket. Buɗe inji shi ne na ƙarshe, kuma ba za mu yi ba sai mun gaya muku abin da za ku samu da abin da za ku rasa. Abu ɗaya za mu riƙa canzawa a lokaci guda, a gwada, kafin a taɓa na gaba. Zai ɗan ɗauki lokaci, muna neman haƙurinku.

Roƙonmu shi ne, idan za ku zo, ku taho da tsofaffin kayan da aka cire: kafiretar asali, akwatin iska, bututun salansa da kamshaf. Ku kuma faɗa mana duk abin da aka taɓa yi wa injin, ko da a wani wuri aka yi.

Mun gode da amanar da kuke ba mu. Allah ya kiyaye hanya.

Naku,
Shugaban gareji da dukkan ma'aikata