Wasiƙa Zuwa ga Ɗana a Kan Kuɗin Ajiyar Gidan Haya

Ɗana Sadiƙu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kuma ka fara sabawa da sabon gidan. Mahaifiyarka tana gaishe ka.

Na ga takardar da ka turo mini, na karanta ta sau biyu. Dala 1,400 ka ajiye wa kamfanin tsohon gidanka ranar da ka kama gidan, bayan shekara uku sun dawo maka da 250. Abin da suka cire: kafet 700, fenti 250, shara da goge-goge 120, labulen taga 80. Da muka yi waya ka ce mini ka bar su da Allah, domin kamfani ne mai gidaje dubbai da lauyoyi, kai kuwa mutum ɗaya ne. Maganar nan ce ta sa na zauna rubutu. Barin mutum da Allah abu ne mai kyau idan ka yafe daga zuciyarka. Amma a muryarka gajiya na ji, da ɗan tsoro. Kuɗin nan guminka ne, kuma ajiya sunansa, ba kyauta ka ba su ba.

Ni ma an taɓa yi mini haka ina saurayi. Na yi shiru don kada a ce ina jayayya a kan abin duniya, kuma har yau idan na tuna raina yana sosuwa.

Girman kamfanin bai kamata ya firgita ka ba. Wanda ya cika takardar nan wataƙila bai san fuskarka ba. Lissafi ne da suke yi wa duk wanda ya tashi, sun kuma san yawancin mutane ba za su ce uffan ba. Dokar jihar Teksas ta Amurka kuwa ba ta duba yawan gidajensu. Na nemo babi na 92 na dokar kadarori ta jihar na karanta, kai ma ka karanta da idonka. Ta ba mai gida kwana 30 daga ranar da ka miƙa makulli ya dawo da kuɗin, tare da rubutaccen bayanin duk abin da ya cire, ɗaya bayan ɗaya. Sai dai wajibin bai hau kansa ba sai ka ba shi sabon adireshinka a rubuce. Ka duba ranar da ka miƙa makulli da ranar da ke jikin ambulan ɗinsu, ka ƙirga. Idan sun wuce kwana 30, dokar tana ɗaukarsu a matsayin masu mugun nufi har sai sun wanke kansu.

Inda nake so ka tsaya da kyau shi ne sashe na 92.104. Ya hana mai gida cire ko sisi saboda tsufan da abu ke yi idan ana amfani da shi yadda aka saba. Kafet da aka taka shekara uku dole ya kwanta a bakin ƙofa da hanyar ɗaki. Fenti dole ya dusashe. Wannan kuɗin hayar da kake biya kowane wata ya riga ya ɗauke shi. Abin da za su iya cajinka shi ne ɓarna ta sakaci ko ganganci ko haɗari, irin ƙonewar dutsen guga a kafet ko rami a bango. To ka tambaye su a rubuce: yaushe aka shimfiɗa kafet ɗin nan, ina rasit ɗin sabon, ina hotunan ɓarnar? Ka ce mini ba sabo ka tarar da shi ba. In haka ne, da wace hujja za ka saya musu sabo fil a madadin tsoho? Kuma idan magana ta kai gaban alƙali, su ne dokar ta ɗora wa nauyin nuna cewa abin da suka riƙe ya dace.

Labulen tagar kuwa kai da bakinka ka gaya mini kai ka karya shi. Ka bar musu dala 80 ɗinsu, ka ma faɗi haka a wasiƙarka. Haƙƙinsu ne, ban yarda ka ci shi ba. Bayan haka, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: suka kama ka da musun abu ɗaya na gaskiya, sauran maganarka ta yi rauni. Kuɗin shara sai ka koma takardar yarjejeniyar haya ka ga abin da ka sa wa hannu.

Ka daina kiran ofishinsu a waya. Maganar baki ba ta barin shaida, kuma wadda ta amsa maka yau gobe an sauya mata wurin aiki. Ka rubuta wasiƙa shafi ɗaya, babu zagi, babu dogon labari. Ka sa adireshin gidan, ranar shiga, ranar fita, abin da ka yarda da shi, abin da ba ka yarda da shi ba da dalilinsa, adadin da kake nema, da ranar da kake jiran amsa, misali kwana goma. Ka haɗa da kwafin takardar duba gida da ka cika ranar shiga, da hotunan da ka ɗauka ranar fita, waɗanda na yi ta nanata maka har ka ƙosa da ni. Ka aika ta gidan waya da rajista, irin wadda ake sa hannu a karɓa, kwafi ɗaya ga ofishin gidan, ɗaya ga babban ofishin kamfanin, sannan ka tura ta imel. Asalin takardun su zauna a hannunka.

A cikin wasiƙar ka ambaci sashe na 92.109 a layi ɗaya. Shi ne ya ce mai gidan da ya riƙe kuɗin ajiya da mugun nufi zai biya dala 100, da ninki uku na abin da ya riƙe ba bisa ƙa'ida ba, da kuɗin lauya. A kan 950 na kafet da fenti, ninki uku 2,850 ke nan. Kada ka sa rai da wannan, alƙali ne ke yanke ko akwai mugun nufi. Amma wanda zai karanta wasiƙarka a babban ofishi ya iya wannan lissafin.

Idan sun yi shiru, akwai ƙaramar kotun yankin da gidan yake, wadda ke sauraron ƙarar da ba ta wuce dala 20,000 ba, kuma mutum yana iya tsaya wa kansa ba lauya. Abu ɗaya ne nake tsoro: wani lokaci irin waɗannan kamfanoni suna ƙara lissafi su ce kai ke da bashi, su miƙa wa masu karɓar bashi. Idan irin wannan takarda ta zo, kada ka jefa ta a aljihun tebur. Dokar tarayya ta ba ka kwana 30 ka musanta a rubuce ka nemi hujja, kuma sakaci a nan yana iya ɓata maka suna wajen neman haya nan gaba.

Ka rubuta wasiƙar a ƙarshen makon nan, ka turo mini in duba kafin ka aika. Sabon gidan ma ka ɗauki hotonsa lungu-lungu tun kayanka ba su gama cika shi ba. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka